Ba A Tsimi Da Babu

A shekarar 2024 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta zabtare kuɗin guzurin ɗaliban da ta tura karatu Rasha, Maroko, Aljeriya da Hangare daga dala 500 a wata zuwa 220, bayan an shafe watanni ba a biya su ko anini ba. Masu ƙoshi kuwa sai cewa suke yi, ai da babu gara ba daɗi, yara su koyi tsimi da tanadi.

To, a zo a yi lissafi. Dala 220 a wata, dala bakwai ke nan da 'yan kai a rana. A ciki ɗalibi zai biya haya da wuta da mota, ya sayi littafi, ya sabunta takardar izinin zama, sannan ya ɗora tukunya. A Rasha kuma rigar sanyi ba ado ba ce. Wanne zai bari? Mai gidan haya bai san naira ta faɗi ba, ƙarshen wata kawai ya sani.

Wanda ya aiki yaro shi ke ba shi guzuri. Duk ɗalibin da gwamnati ta tura, ta biya shi haƙƙinsa cif, a kan kari, har ya kammala.