Yaron Da Kuke Kira Dolo A Littattafanku

Maudu'in wannan makon zai yi wa wasu ɗaci, amma dole a faɗa.

Duk sanda yaro marar magana, mai gudun haɗa ido da mutane ya fito a labarinmu, ɗayan biyu ne: ko abin dariya, ko aljanu sun shafe shi. Wannan lalacin alƙalami ne, kuma yana cutar da iyayen da ke rainon masu lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga.

Ku dubi Temple Grandin, wadda aka haifa a Boston ta Amurka a 1947. Ta haura shekara 3 ba ta fara magana ba. A yau farfesa ce a fannin kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Colorado. A littafinta Thinking in Pictures na 1995 ta bayyana cewa da hotuna take tunani.

Wannan baiwar ce ta sa ta riƙa shiga lungun da ake kora shanu, tana duba abin da saniya ke gani. Sai ta gano abin da ma'aikata suka kasa lura da shi: inuwa a ƙasa, sarƙa mai lilo, rigar da aka rataye a shinge, ƙyallin ruwa. Su ke sa saniya ta turje, a hau ta da duka. Ta tsara hanyoyi masu lanƙwasa da rufaffen gefe, shanu suka riƙa tafiya cikin natsuwa. Ta kuma fito da ma'aunin da mahauta ba za su iya musawa ba: a ƙirga shanu nawa suka faɗi, nawa suka yi kuka.

Wani zai ce ai ba kowane mai otizim ne Grandin ba. Gaskiya ne, wasu har abada suna buƙatar mai kula da su. To, shi ya sa muke son a rubuta su da bambancinsu, kowa da halinsa.

Mu da ake loda shanu a tirela daga Potiskum zuwa Legas a gaban idonmu, ana murɗa musu wutsiya, waye a cikinmu ya taɓa rubuta tafiyar nan ta idon saniya? Waye ya zauna da uwar yaron nan kafin ya saka shi a babi?

Ku je kara, ku je gidajen. Ku kalla sosai, sannan ku ɗauki biro.