Wa Ya Ba Ku Iznin Riƙe Mana Alƙalami?

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a nan sashenmu, wai littattafai irin su 1984 na George Orwell tatsuniyar Turawa ce, ba ruwan Bahaushe da ita. Ni ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Littafin ya fito a 1949. A cikinsa gwamnati ta ƙera wani sabon harshe, kuma kowace shekara ƙamusunsa raguwa yake yi. Manufar ita ce in an kashe kalmar 'yanci, to wanda ke son 'yancin zai rasa yadda zai faɗa, har ma ya rasa yadda zai yi tunaninsa. Jarumin labarin, Winston Smith, aikinsa a Ma'aikatar Gaskiya shi ne gyara tsofaffin jaridu don jiya ta dace da ƙaryar yau. To mene ne laifinsa na farko? Bai ɗauki bindiga ba. Littafin rubutu ya saya a wani shagon tsofaffin kaya, ya raɓe a lungun da na'urar leƙen asiri ba ta hangowa, ya fara rubuta abin da ke ransa. Hukuncin wannan kuwa kisa ne, ko shekara 25 ta aikin wahala. Mahukuntan sun gane cewa wanda ya zauna shi kaɗai da takarda ya zama mutum guda mai ra'ayin kansa, ya fita daga garke.

Yanzu mu dawo gida. A 2007 gwamnan Kano na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya jagoranci ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a. A 2008 Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar, a ƙarƙashin Abubakar Rabo, ta nemi kowane marubuci ya yi rajista da ita, ya kuma kai aikinsa a tace. Ban ce Kano ta zama ƙasar Orwell ba, haba! Amma dabarar ɗaya ce, watau a sa marubuci ya riƙa jin idon hukuma a ƙeyarsa tun kafin ya ɗora alƙalami.

Su wa aka fi cuta? Mata. Galibin waɗannan littattafai mata ke rubuta su, mata ke karanta su. A cikinsu ne irin su Balaraba Ramat Yakubu suka yi maganar auren dole da sakin wulaƙanci, abin da ba a bari mace ta faɗa a zaure. Na sani akwai shirme a cikin wasu, har da na batsa. To maganin mugun littafi ai nazari ne, aikin da aka kawo mu jami'a mu koya. Ashana ba ta iya bambanta mai kyau da maras kyau.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne in ji ɗan Sakkwato yana goyon bayan toshe baki. Ya manta Sarkin Gobir Nafata ya hana kowa wa'azi in ban da Shehu Usmanu shi kaɗai? Dokar ba ta hana almajirai kwafar littattafai da hannu ba, ba ta hana waƙoƙin Fulatanci da Hausa yawo ƙauye-ƙauye ba. A 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, kuma a 1808 Alkalawa ta faɗi.