Wa Ya Ƙwanƙwasa Maka Ƙofa Lokacin Kulle?

'Yan uwa na Mai Wurno da Sinja, na Damazin da Rusairis har bakin iyakar Habasha, da ku mazauna kambo-kambon Jazira.

Kafin masu neman ƙuri'a su fara sallama a ƙofarka, zauna ka tuna shekarar 2020. Ranar 13 ga Maris 2020 aka sanar cutar korona ta shigo Sudan. Ranar 16 aka rufe iyakoki da filayen jirgin sama. Daga nan sai dokar hana fita da dare, wadda ta fara daga ƙarfe takwas, kafin a dawo da ita ƙarfe shida na yamma. Aka tsayar da motocin safa tsakanin jihohi, ranar 18 ga Afrilu kuma aka kulle Khartum, azumi na bakin ƙofa.

Ba mu ce cutar ƙarya ce ba. Ta kashe mutane, kuma kare rai wajibi ne. Amma wanda ya sa hannu a dokar ƙarfe shida bai san lokacin da mai agashe ke hura wuta ba. Kasuwarsa bayan magariba take ci, ita aka rufe. Haka mai shayi a tasha, haka yarinya mai tallar gyaɗa, haka masunci da ya kwana a kogi ya rasa motar da za ta kai kifinsa Madani. Ɗanka da ke aikin gini a Khartum yana aiko maka da na cefane, shi ma kulle ya ritsa da shi, ba aiki, ba hanyar dawowa. Rediyo kuwa kullum sai cewa take a wanke hannu da sabulu da ruwa mai tsabta. Ana faɗa wa mutumin kambo haka, alhali daga tur'a yake ɗiban ruwan sha, inda jaki ke sha.

To wa ya zo? Ka fi kowa sani. Maƙwabcin da ya auna dawa daga rumbunsa ya aiko yaro da ita da asuba don kada a gani. Mata masu adashe da suka bar wa mai jego kwasar da ba tata ba. Mai kanti da ya buɗe littafin bashi bai rufe ba har bayan salla. Limamin da ya san gidan da bai ɗora tukunya ba ya raɗa wa masu hali. A Jazira an san mu da tare hanya da azumi don matafiyi ya sauka ya sha ruwa. Da hanya ta yi shiru, sai kwanon ya bi gida-gida. Samarin kwamitocin unguwa da suka tsaya kan layin burodi da gas su ma sun yi ƙoƙari, ba za mu ci haƙƙinsu ba, ko da siyasarmu ta bambanta.

Sai dai taimakon maƙwabci yana da ƙarewa, domin rumbunsa ba rijiya ba ne. Kulle bai gama sakinmu ba ambaliya ta zo: madatsar Bout ta fashe a ƙarshen Yuli, ruwa ya ci gidaje a jihar Sinnar, tsadar kaya ta haura kashi 200 cikin ɗari a Satumba. A Fabrairun 2021 aka karya darajar kuɗi, dala ta tashi daga jinai 55 zuwa 375 a hukumance. Wanda ya ba ka mudu a 2020, a 2021 shi ma ya koma nema.

A 2021 gwamnatin riƙon ƙwarya ta lokacin ta fito da shirin Samarat, dala biyar a wata ga kowane mutum. Kuɗin kaɗan ne, amma ba nan gizo ke saƙa ba. A lokacin, shiga shirin sai da lambar ɗan ƙasa, ragam watani. Nawa ne a cikinmu aka ce su je su kawo shaidar kakan kakansu? Mai Wurno ta haura shekara ɗari a bakin kogi, ta girmi madatsar Sinnar da aka gama a 1925. Kakanninmu sun tsinci audugar Jazira tun zamanin Ingilishi. Lokacin girbi ba a tambayar lamba kafin a karɓi zakka da haraji. Sai ranar rabo ake tuna ba a san mu ba.

Shi ya sa jam'iyyarmu ta tsaya kan abin da kulle ya tona. A kawo masu rajistar ɗan ƙasa cikin ƙauyuka da kambo-kambo, a daina yi wa Bahaushe tambayar da ba a yi wa maƙwabcinsa. A mayar da kambo ƙauye mai takardar fili, da famfo, da ɗakin shan magani. In kuma annoba ta sake tilasta a rufe kasuwa, abinci ya riga doka isowa, a raba shi ta hannun dattawa da mata da samarin gari, waɗanda suka riga suka nuna sun san gidan kowa.

A wancan lokaci an yi alkawarin zaɓe a ƙarshen riƙon ƙwarya, kuma duk ranar da zaɓe ya zo, shaidar zama ɗan ƙasa ce za a fara tambayarka a wurin rajista. Kada ka jira sai an buga ganga. Ka je ofishin rajista tun yanzu, da matarka, da 'ya'yanka da suka kai shekara 18, da tsohuwar da ba ta taɓa riƙe takarda ba. In an koro ku, ku sanar da wakilinmu na garinku, ya rubuta suna da rana, mu koma tare.