Sintisaiza Ɗaya Ta Ishi Mai Kunne



Yau zan ɗan leƙa situdiyo, tunda da yawa daga cikinmu ba labari kaɗai muke rubutawa ba. Akwai masu rubuta wa mawaƙa baitoci, akwai masu rera nasu da kansu, akwai kuma marubuta fim da dole wata rana su zauna kusa da mai kiɗa. Duk wanda ya taɓa wannan zaman ya san yadda ake yi. Ka kawo waƙarka, mai kiɗa ya saurari amshi sau biyu, ya buɗe wata jaka a kwamfuta mai cike da sautukan ganga ɗaruruwa, ya dinga latsa su ɗaya bayan ɗaya har ya ce wannan ya yi. Kafin la'asar an gama. Bayan sati biyu sai ka ji waƙarka a adaidaita sahu, ta wani ta biyo bayanta, ka kasa gane inda taka ta ƙare.

Akwai wani sharaɗi da wasu masu kiɗan lantarki a duniya ke ɗora wa kansu: su haɗa waƙa sukutum da manhajar sintisaiza guda ɗaya, ba tare da sun ɗauko ko da sauti ɗaya da aka naɗa a wani wuri ba. Ganga daga cikinta, bes daga cikinta, sarewa da tafi duk daga cikinta. Ana iya buɗe ta sau goma ko ashirin a cikin aiki ɗaya, kowace buɗewa da nata sautin, amma dai ita ɗin ce. Ra'ayina shi ne duk matashin da ke son a kira shi mai kiɗa a ƙasar Hausa ya kamata ya yi wasu watanni a ƙarƙashin wannan sharaɗi, kuma mu masu kai musu aiki mu daina yi wa wanda ya gwada kallon mai ɓata lokaci.

Bari in fara da yadda ake ƙera gangar, don mutane da yawa sun ɗauka wani tsafi ne.

Sintisaiza ba ta ajiye da muryar kowace ganga a cikinta. Abin da take da shi kaɗan ne: wani sashe mai haifar da girgiza, wani mai tace girgizar kamar rariya, da wani mai tsara yadda sauti zai tashi, ya tsaya, ya mutu. Babbar gangar nan mai dukan ƙirji da ake kira kik, ana fara ta ne da sautin da ya fi kowane santsi, wanda idan ka bar shi haka nan bai wuce "uuuu" ba. Sai ka umarce shi ya fara daga sama, misali girgiza 150 a sakan ɗaya, ya faɗo zuwa wajen 50 cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, sannan ƙarfinsa ya mutu da sauri. Shi ke nan, "uuuu" ya zama "dum". Ba a banza kunne ke yarda ba. Fatar ganga ta gaske ma idan aka doke ta takan ƙara ɗamewa na ɗan lokaci, sautinta ya ɗan ɗaga, sannan ya sauko yayin da take lafawa. Idan ka tsawaita faɗowar za ka ji wani abu kamar bindigar wasan yara, idan ka gajarta ta da yawa sai ka ji ƙwas kawai babu ciki. Tsakanin waɗannan biyun akwai ganguna dubu, kuma kunnenka ne kaɗai zai zaɓa.

Sauran sun fi sauƙi. Ka san "shhhh" ɗin da rediyo ke yi idan bai kama tasha ba? Ka tace shi, ka zubar da kaurin, ka yanke shi gajere, ka samu ƙaramin kacau-kacau ɗin da ke riƙe saurin waƙa. Ka haɗa wannan hayaniyar da ɗan sauti mai jiki, ka samu ganga mai tsarkiya a bayanta. Tafi kuwa hayaniyar ce ake saki sau uku ko huɗu a jere cikin gaggawa, kamar hannaye da yawa da ba su haɗu daidai ba.

Wanda ya yi wannan da hannunsa sau ɗaya, jinsa ya canja. Idan mawaƙi ya ce gangar nan ta cika nauyi, ba zai koma jaka yana laluben wata ba, ya san maɓallin da zai murɗa.

Tarihi ma yana bayan wannan magana. A 1980 kamfanin Roland na Japan, wanda Ikutaro Kakehashi ya kafa, ya fito da injin ganga mai suna TR-808. Babu sautin ganga na gaske ko ɗaya a cikinsa, duk da lantarki ake haifar da su ta irin hanyar da na bayyana. A lokacin akwai wani inji, Linn LM-1, mai ɗauke da sautukan ganga na gaske da aka naɗa, kuɗinsa wajen dala 5,000, shi kuwa 808 dala 1,195. Masu kuɗi suka bi Linn, suka ce 808 bai yi kama da ganga ba, kuma gaskiya suka faɗa. A 1983 aka daina ƙera shi bayan an yi kimanin guda 12,000. Sai ya faɗa hannun matasa marasa ƙarfi da ke sayen na hannu da araha. Tun a 1982 an ji shi a "Planet Rock" ta Afrika Bambaataa da "Sexual Healing" ta Marvin Gaye, daga nan ya zama ƙashin bayan hip-hop. Yau shekara fiye da arba'in, yaron da ke haɗa kiɗa a Kano yana cewa a sa masa 808 bai ma san sunan inji ba ne. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne maɓallin da ke barin mutum ya ja wutsiyar gangar ta yi tsawo har ta koma bes, abin da sautin da aka naɗa a wancan zamanin ba ya bari a yi.

Ga kuma ɗaya gefen. A 1983 Yamaha ya fito da DX7, wadda aka gina a kan binciken John Chowning na Jami'ar Stanford a Amurka. Na'ura ce mai iya fitar da sautukan da ba a taɓa ji ba, sai dai tsara sabon sauti a cikinta akwai wahala, don haka yawancin masu ita suka tsaya a kan waɗanda kamfani ya zuba. Shi ya sa idan ka saurari waƙoƙin soyayyar Turawa na tsakiyar shekarun 1980 za ka yi ta jin fiyano iri ɗaya mai ƙarar gilashi, daga wannan mawaƙi zuwa wancan. Mu ma mun bi ta nan. Lokacin da fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano a shekarun 1990, ya ba finafinan Hausa muryarsu, har aka riƙa cewa kiɗan fiyano, kuma ba na raina wannan zamanin ko kaɗan, a cikinsa muka tashi. Amma sarewar da gangar da ke cikin fiyanon wasu injiniyoyi ne suka zuba su a Japan, kowa ya sayi irin fiyanon ya sayi sarewar. Da kwamfuta ta zo da FL Studio da ire-irenta, sai jakar sautukan da ake kwafa daga filashi zuwa filashi ta gaji fiyanon. Kayan aiki sun canja, ɗabi'ar tana nan.

Amapiano ya ishe mu misali na kusa. Wannan ganga mai kauri mai tafiya kamar bes da ake kira log diram, daga wata ƙaramar sintisaiza mai suna Fruity DX10 da ke cikin FL Studio ta fito. Tana nan a kwamfutar kowa shekara da shekaru. Matasan Afirka ta Kudu ne suka zauna da ita, suka lanƙwasa ta, suka mayar da ita tambarin kiɗansu. Mu kuma da ta iso mana sai muka ɗauke ta yadda take muka ɗora a ƙarƙashin waƙar biki.

To a nan ne abin ya fi yi mini ciwo, domin mu ne ya kamata mu riga kowa gane ganga mai hawa da sauka. Kalangu fa? Makaɗi na rataye shi a hammata, ya matse tsarkiya fata ta ɗame sauti ya hau, ya saki ya sauko. Da haka yake bin karin harshenmu, na sama da na ƙasa da faɗau, har ya kira sunan mutum ko ya yi masa kirari ba tare da an buɗe baki ba. Duk wanda ya saurari Mamman Shata ya san kalangan da ke bayansa amsa masa suke yi. Idan ka naɗi bugun kalangu guda ɗaya ka ajiye a jaka, ka kashe abin da ya sa ya zama kalangu, saura "kwam" ɗaya da zai yi ta maimaituwa. Sintisaiza kuwa aikinta ke nan. Za ka iya cewa wannan bugun ya fara ƙasa ya zame sama, na gaba ya faɗo, na uku ya tsaya cak, kowane ya bi karin kalmar da ke cikin baitin. Marubucin waƙa ya fi kowa cin moriyar wannan, don shi ne ya san inda kalmarsa ta hau da inda ta sauka, kuma shi ne ke jin zafi idan kiɗa ya danne ta.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce a kwaikwayi kalangu a kori makaɗa ba. Mai son kalangu na gaske ya kira makaɗi, ya sa masa makirfo, ya biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba. Babu manhajar da za ta yi abin da hannu da hammatar mutumin da ya gaji kiɗa ke yi. Abin da nake nufi a ɗauki dabarar, a ƙera wata sabuwar ganga ta lantarki mai magana da karin Hausa, wadda ba kalangu ba ce kuma ba ta kowa ba ce. 808 ma da ya yi kama da gangar gaske da tuni an manta da shi.

Akwai kuma maganar inda ake sauraren waƙoƙinmu. Yawancin jakunkunan nan an tsara su ne don manyan lasifikoki na gidajen rawa a Turai da Amurka. Namu masu sauraron kuwa a waya suke ji, ko ƙaramar sifika ta Bluetooth a shagon ɗinki. Lasifikar waya ba ta iya fitar da girgiza 50 a sakan, don haka gangar da ta girgiza situdiyo sai ta ɓace ɗungurungum a hannun mai saye. Wanda ya ƙera gangarsa ya san maganin: ya ɗan ƙazanta sautin ya haifar masa da 'ya'ya a sama, waya ta fitar da waɗannan, kunne kuma ya cike sauran da kansa. Mai zaɓa daga jaka sai dai ya yi ta ƙara murya har komai ya fashe.

Na san abin da masu situdiyo za su ce, kuma suna da hujja. Mawaƙi ya zo da kuɗin waƙa ɗaya yana so ya tafi da ita yau, wuta ba tabbas, man janareta na ƙonewa, wa zai zauna yana sassaƙa ganga awa biyu? Gaskiya ne, kuma ba a kan aikin kwastoma nake cewa a koya ba. Tela ma ba a shaddar ango yake koyon yanka ba. Sannan awa biyun nan sau ɗaya ake biyan su. Gangar da ka ƙera yau ka adana ta, gobe ka buɗe ta cikin sakan ɗaya, bayan wata shida kana da jakarka ta kanka wadda babu irinta a layinku. Wasu kuma za su ce mai sauraro bai damu ba, shi dai ya ji daɗi. Wataƙila ba zai iya faɗin abin da ya bambanta ba, amma ai yana cewa waƙoƙin yanzu duk iri ɗaya ne, kuma wannan ƙorafin kun sha jin sa a wurin biki da cikin mota.

Me ya sa sai guda ɗaya? Saboda mai manhaja arba'in ba ya sanin ko ɗaya. Da ya ci karo da matsala sai ya rufe wannan ya buɗe waccan. Yawancin arba'in ɗin ma, mu faɗi gaskiya, na fashi ne da aka sauke ba a biya ba, su ne ke cinye wa kwamfuta ƙarfi suna rufe aiki ana tsaka da yi. Alhali akwai na kyauta na halal masu kyau. Akwai Vital da Matt Tytel ya fitar a 2020, wadda ke nuna maka hoton abin da kake yi wa sauti yayin da kake yi, shi ya sa ta dace da mai koyo. Akwai Surge XT, ita ma kyauta. Mai tsohuwar laftof da ba ta son nauyi ya nemi Synth1 ta Ichiro Toda, tsohuwa ce amma har yanzu tana aiki, kuma ba ta cin komai. Kowace ka ɗauka daga cikin ukun nan za ta yi kik da tafi da bes da sarewa.

Wurin da wannan sharaɗi ke ba mutum wahala shi ne sautukan ƙarfe, irin su kuge da faifan tagulla na gangunan Turawa, don girgizarsu ba ta bin lissafi mai sauƙi. Injiniyoyin Roland sai da suka haɗa girgiza shida da ba su jitu da juna ba, suka tace su, kafin suka samu nasu faifan. Mai farawa ya bar waɗannan sai daga baya. Ya fara da kik, ya kwana uku a kansa in ta kama, yana tura shi wayarsa yana saurara a waje cikin hayaniyar titi. Idan ya tsaya da ƙafarsa a can, sai ya ɗauki baiti ɗaya tak na wata waƙa, ya rubuta karin kowace gaɓa a takarda, sama ko ƙasa ko faɗau, ya gwada sa ƙaramar ganga ta bi su, sannan ya kunna wa wani Bahaushe da bai ga takardar ba ya ji ko zai iya cankar kalmomin.