Janar-janar sun rubuta nasu, wa zai ɗauki labarin kofur da saje?

Duk ranar 15 ga Janairu akan yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya. A ajiye furanni a Abuja, a yi fareti, shugaban ƙasa ya saki tattabaru, kowa ya kama gabansa. An zaɓi ranar ne saboda a irinta yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Sai dai waɗanda suka yi yaƙin, kuma suke raye, ba kasafai ake miƙa musu abin magana a wurin ba. Akan zaunar da su a gefe da lambobin yabo a ƙirji, a ɗauke su hoto.

Lissafin ba shi da wuya. Saurayin da ya shiga soja yana da shekara 18 a 1967 yanzu ya haura saba'in da biyar. Waɗanda suka je Kwango a farkon shekarun 1960 sun girme shi. Na yaƙin Bama kuwa kusan duk ƙasa ta rufe musu ido, kuma da yawansu 'yan Arewa ne, a rundunar da Hausa ce harshen bariki.

Manya dai sun faɗi nasu. Obasanjo ya fitar da My Command a 1980, Alabi-Isama ya ƙalubalance shi da nasa littafin a 2013, Babangida ya ƙaddamar da nasa a 2025. Ba laifi. Amma janar yana ganin yaƙi ne daga kan taswira. Kurtu ne ya san nauyin akwatin harsashi, ya san kwana nawa aka yi ba abinci, ya san sunan abokin da aka binne a gefen hanya ba tare da an sanar da iyayensa ba.

Labarin Isaac Fadoyebo ya isa misali. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Ingila, aka kai shi Bama. A 1944 sojojin Japan suka harbe shi a ƙafa a bakin kogin Kaladan, aka ɗauka ya mutu. Wani talaka Musulmi na ƙauyen ya ɓoye shi tare da abokinsa ɗan Saliyo, yana ciyar da su na tsawon watanni, alhali da an gano da ransa zai biya. Duniya ta san wannan ne kawai domin Fadoyebo ya zauna ya rubuta, daga baya ɗan jarida Barnaby Phillips ya neme shi a Legas ya yi fim a kansa, kafin ya rasu a 2012. Dubban abokan tafiyarsa ba su iya rubutun boko ba, kuma babu wanda ya je musu da rakoda.

Rayuwar bayan ajiye kaki ita ma labari ce, wataƙila ma ta fi ta fagen fama ɗaci. Akwai cibiyar koyar da sana'a ta sojoji masu ritaya a Oshodi, akwai hukumar fanshon soja a Abuja. Duk da haka sau da dama a 'yan shekarun nan tsofaffin sojoji sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi suna neman haƙƙoƙinsu. Mutumin da ya yi Laberiya da Saliyo a rundunar ECOMOG sai a tarar da shi yana gadi a ƙofar wani gida. Wani kuma ba ya iya barci, ƙarar fashewar taya kan sa shi zabura, iyali su ce ai halinsa ne. Matasan da ke tururuwa zuwa Depot ta Zariya suna da haƙƙin jin wannan ɓangaren kafin su sa hannu.

Wasu za su ce tone-tone ne, a bar kaza cikin gashinta. Gaskiya ne ba duk abin da tsofaffin za su faɗa zai yi daɗin ji ba. Kisan fararen hula a Asaba a watan Oktoban 1967 yana cikin tarihin yaƙin, kuma wasu da suka gani da ido suna raye. Amma shirun bai warkar da kowa ba, sai dai ya bar fili ga masu ƙirƙirar tarihi a Facebook.

Aikin kuma ba ya buƙatar kwamitin fadar shugaban ƙasa. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion tana da rassa a jihohi, ta san inda mutanenta suke. Sassan tarihi na jami'o'in Zariya da Kano da Maiduguri na iya tura ɗalibai su ɗauki muryoyin a matsayin aikin kammala digiri, a ajiye su a Arewa House da ke Kaduna. Gidajen rediyo na iya ware rabin awa a mako. Jikan da ke riƙe da waya ma zai iya zama da kakansa bayan la'asar, ya fara da tambayar lambarsa ta soja. Da wuya a samu tsohon sojan da ya manta ta.