Kafin Ka Sayi Kyamarar Bidiyo: Wa Ya Ba Ka Izinin Ɗaukar Matan Mutane?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Bayan haka, ya 'yan uwana matasa, a yau daga Jahun zuwa Aujara, daga Kiyawa zuwa Dutse, da wuya a yi biki ko suna ba a ga saurayi rataye da kyamara ba. Matashi zai yi watanni yana tari, ya nufi titin Beirut a Kano, ya yi ta tambayar wace ce ta fi fitar da hoto tangaram, wace ce batirinta ya fi daɗewa. Tambaya ɗaya ce ba ya yi, alhali ita ce za a yi masa gobe ƙiyama: wa zan ɗauka da ita, kuma da izinin wa?

Ba na cikin masu cewa na'urar kanta haramun ce. Malamai sun yi saɓani a kan hoto, da yawansu kuma sun halatta bidiyo don amfani. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, Allah Ya ji ƙansa, an kashe shi a Kano a watan Afrilu na 2007, amma ga mu har yau muna ɗaukar karatu daga tafsirinsa, albarkacin waɗanda suka kafa kyamara a gabansa. Rigimata da mai kyamarar ce, wanda ya mayar da ita mabuɗin shiga inda Shari'a da al'ada suka hana shi taka ƙafa.

Ka lura da abin da ya sauya. A zamanin faifan VCD, hoton bai wuce ɗigo 352 a faɗi da 288 a tsaye ba, fuskar wadda ke nesa dishi-dishi take fitowa. Cikakkiyar kyamarar HD kuwa tana ɗaukar ɗigo 1920 da 1080, wato kusan ninki 20, ballantana 4K da ta ninka wannan sau huɗu. Ga gilashin janyo nesa kusa: matar aure tana can ƙarshen tsakar gida tana gyara mayafi, ba ta san an cika allo da fuskarta ba. Kaset ɗin VHS kuma duk sanda aka kwafe shi sai ya ƙara dusashewa, amma fayil na dijital kwafi na dubu daidai yake da na farko. Mafi muni, goge bidiyo daga katin ajiya ba ya nufin ya tafi, domin akwai manhajojin da ke dawo da shi muddin ba a ɗora wani abu a gurbinsa ba. Ka sayar da kyamara da katinta, ko ka kai kwamfuta wurin mai gyara, to ka miƙa sirrin gidajen mutane ba ka sani ba.

Wanda ya ɗauki wannan magana da wasa ya tuna 2007, lokacin da wani bidiyon sirri da aka ɗauka da wayar hannu ya bazu a Kano daga waya zuwa waya, har aka dakatar da shirya fina-finan Hausa na tsawon watanni. A lokacin babu WhatsApp, babu TikTok. To yau ina ga hoto mai kaifi da intanet a aljihun kowa?

Na san hujjojinsu. Na farko su ce ai tarihi ake ajiyewa. To tarihin wa? Amarya ta yarda, amma ƙawayenta da yayyenta da surukanta da suka saki jiki don sun san taron mata ne, wa ya shawarce su? Na biyu su ce ango ne ya ɗauke su aiki. Ango ba shi da ikon bayar da izini a kan matar wani, kuma kuɗin aiki ba ya mayar da baƙo muharrami. Na uku su ce ai kowa yana ɗauka da waya. Yawan masu ɓarna bai taɓa zama fatawa ba. A Suratun Nur an hana shiga gidan wani sai da neman izini, an umurci maza da mata da runtse ido, an kuma yi kashedi mai tsanani ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai. Shin idon da aka ce a runtse, in aka sa masa gilashi da batir, ya fita daga hukuncin?

Saboda haka, ɗan uwa, in ka ƙudura sai ka saya, ka sayi amana tare da ita. Taron mata, mace ta ɗauka, a kuma sanar kafin a kunna, wadda ba ta so ta kauce. Wurin tacewa ka yanke duk wadda ta faɗo cikin hoto ba da saninta ba, kada ka tace a kwamfutar shago inda samari ke zagaye da allo. Ka miƙa aikin ga mai shi, kada ka yi tallar sana'arka da fuskar amaryar mutane. Katin ajiya kuwa kada ya bi kyamara in za ka sayar.

Sannan ka juya ta inda take da lada. Jihar Jigawa an ƙirƙire ta a 1991, kuma dattawan da suka san ƙasar nan tun tana ƙarƙashin Kano suna ta tafiya da labaransu. Ka zauna gaban kakanka, da yardarsa, ya ba ka asalin gidanku. Ka ɗauki karatun malamin unguwarku, da hawan Sallah a Dutse, da ɓarnar ambaliya a gonaki don masu iko su gani. Nan ne kaifin hoto yake da amfani.

Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya sa kada hannunmu ya zama sanadin tonon asirin wani. Wassalamu alaikum.