Darasin Tahrir ga samarinmu na Abijan

A tashar ruwa ta Treichville, samarin da ke jiran jirgin batobis na kamfanin SOTRA kowa kansa a sunkuye yake kan waya har jirgi ya iso. Dattawanmu na Adjamé suna kiran wannan shiririta. Ni dai na fi su ɗaukar abin da nauyi, domin irin wannan sunkuyon ya taɓa girgiza Masar.

A Yunin 2010 'yan sanda suka lakaɗa wa wani matashi, Khaled Said, duka har lahira a Iskandariya. Wael Ghonim ya buɗe shafi da sunansa a Facebook, shafin ya yi kiran a fito ranar 25 ga Janairun 2011, dandalin Tahrir ya cika. Gwamnati ta katse intanet, jama'a suka ƙara fitowa, Shugaba Mubarak ya sauka ranar 11 ga Fabrairu. To, da aka zo zaɓe, waɗanda suka yi shekaru suna gina rassa unguwa-unguwa, wato 'Yan Uwa Musulmi, su suka lashe. A Yulin 2013 soja suka karɓe mulki, jagororin samari irin su Ahmed Maher da Alaa Abdel Fattah suka ƙare a kurkuku. Samarin sun tara jama'a, amma ba su gina ƙungiyar da za ta riƙe ta ba.

A daidai lokacin da Tahrir ke cika, Abijan na cikin wutar rikicin Gbagbo da Ouattara, wanda ya ci rayuka kusan 3,000. Abin da samarin garin nan suka yi a Afrilun 2011 ya fi burge ni, ko da yake duniya ba ta yi masa tafi ba. Ƙarƙashin alamar #CIVsocial a Twitter suka riƙa karɓar kukan mutanen da harbi ya hana fita, mai ciwon suga da maganinsa ya ƙare, mace mai naƙuda, suna haɗa su da likita ko mai mota. Akwai masu karɓar kira, akwai masu tantancewa, kowa ya san aikinsa.

Mu Hausawa mun ɗanɗana ɗaya fuskar wayar. Ranar 19 ga Mayun 2021 wani tsohon bidiyo ya bazu, aka ce wai 'yan Nijar ne ke azabtar da 'yan Kodebuwa. Ƙarya ce tsagwaronta. Kafin gaskiya ta fito an far wa 'yan uwanmu a Abobo da wasu unguwanni, an raunata masu sayar da abincin garba da 'yan tireda, an wawushe musu kaya. Kotu ta ɗaure wadda ta yaɗa zancen shekara 5, amma ɗaurin bai mayar wa kowa jarinsa ba.

Ran nan wayoyi ba su yi mana ƙaranci ba. Abin da muka rasa shi ne samari tsararru da za su gano asalin bidiyon cikin awa guda, su ƙaryata shi da Faransanci da Julanci, su sanar da masu shaguna su rufe. Don haka nake roƙon sarakunan Hausawa da limaman Treichville da Adjamé su kira waɗannan yara masu sunkuyo kan waya, su zaɓi amintattu a kowace unguwa, su ba su lambobin shugabannin kasuwa da na ofishin jakadanci, tun ana zaune lafiya.